Kafin a kawo amarya a gyara ɗaki: yadda ake saye da haɗa babban katin girafik

Tun da na fara rubutu a kan haɗa kwamfutar gem da ta aikin rendarin, tambayar da ta fi zuwa mini ita ce: "Malam, na tara kuɗina, RTX 4090 zan saya ko 5090?" Ni kuma sai in mayar da tambaya: wane fawa-fak ne, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, a kwamfutarka, kuma da wace wuta kake aiki? A nan yawanci ake yin shiru.

Wannan shirun shi ya sa na zauna na rubuta wannan jagora. Katin girafik, wato sashen kwamfuta da ke zana hoton da ake gani a allo, in ya kai miliyoyin naira ba ya zama shi kaɗai. Yana son wuri, yana son wuta mai tsafta, yana son iska. Wanda ya fara sayen kati kafin ya tanadi waɗannan, ya kawo amarya ne ɗaki ba daɓe ba ƙofa. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

1. Fara da aikin da za ka yi, ba da sunan kati ba

In gem ne ya kawo ka, dubi monitarka tukuna. Wanda allonsa 1080p ne mai 60Hz, ko wane kati ya saka, hoto 60 a daƙiƙa zai gani, sauran ƙarfin ya tafi a banza. Ga allon 1440p, RTX 5070 Ti ko RX 9070 XT sun wadatar har da rara. Sai a allon 4K ne manyan katuna ke nuna bajintarsu.

In kuwa rendarin kake yi, wato sa kwamfuta ta fitar da cikakken hoto ko bidiyo daga zane, kamar zanen gidaje ko katun ko haɗa fim, abin da za ka fara tambaya shi ne VRAM, wato ma'ajiyar da ke jikin katin kansa. Katin da ke da sauri amma ma'ajiyarsa ta yi kaɗan, da zarar aikin ya fi ƙarfinta, ko dai ya koma tafiyar hawainiya ko manhajar ta tsaya cak. Mai zanen unguwa guda da bishiyoyi da motoci ya san wannan ciwon.

Ga manyan da ake magana a kansu (RTX na kamfanin NVIDIA ne, RX na AMD), da girman ma'ajiyarsu, da wutar da suke ci, da farashin da kamfanoninsu suka sa musu ranar fitowa:

- RTX 5090 (2025): 32GB, wat 575, dala 1,999
- RTX 4090 (2022): 24GB, wat 450, dala 1,599
- RTX 5080 (2025): 16GB, wat 360, dala 999
- RTX 5070 Ti (2025): 16GB, wat 300, dala 749
- RX 7900 XTX (2022): 24GB, wat 355, dala 999
- RX 9070 XT (2025): 16GB, wat 304, dala 599
- RTX 3090 (2020): 24GB, wat 350, dala 1,499

Wannan farashin takarda ne. Kafin kati ya iso hannunka an ɗora masa kuɗin jirgi, kuɗin kwastan, ribar mai shago da kuma halin da dala take ciki a wannan makon.

Gargaɗi: kada ka sayi katin AMD don ka ga 24GB da araha ba tare da ka binciki manhajarka ba. Manhajar rendarin ta Blender tana aiki da duka biyun, ta hanyar fasahar OptiX ko CUDA ga NVIDIA, HIP ga AMD. Amma manhajar Octane a kan Windows, CUDA take nema, ita kuwa ta NVIDIA ce kaɗai. Ga ɗan gem zalla, AMD zaɓi ne mai kyau ƙwarai. Ga mai neman abinci da rendarin, ni dai NVIDIA nake nuna masa, kuma in aljihu bai kai ba, 3090 na hannu mai lafiya ya fi masa sabon kati mai 12GB.

2. Auna akwatin kwamfutarka

Ko tef ɗin tela ne ka ara. Buɗe murfin gefe, ka auna daga bayan akwati, inda ake ɗaure kati, zuwa fankokin gaba. RTX 4090 ƙirar NVIDIA da kanta tsawonsa milimita 304 ne, amma na wasu kamfanoni irin su ASUS ROG Strix sun haura 350. Kauri kuma yakan cinye gurbi uku, wani har ya shiga na huɗu.

Awon da aka fi mantawa shi ne na faɗi. Wayar wuta daga gefen kati take fitowa, ta fuskanci murfin gilashi. Kana buƙatar sarari tsakanin katin da murfin, aƙalla santimita 3 da rabi zuwa 4, don wayar ta fito miƙe kafin ta lanƙwasa. Za ka ga dalili a mataki na 8. In akwatin ya matse, canja shi. Shi ne mafi araha a cikin kayan.

3. Fawa-fak

NVIDIA ta ce 4090 da 5080 suna son fawa-fak mai wat 850, 5090 kuma 1000, 5070 Ti 750. AMD ta ce 800 ga 7900 XTX. Wannan shi ne mafi ƙaranci. In furosesanka ma mai cin wuta ne, irin Core i9 ko Ryzen 9, ƙara wat 150 zuwa 200 a kai.

Nemi wanda aka rubuta masa ATX 3.0 ko ATX 3.1. Manyan katuna sukan fizgi wuta fiye da ƙimarsu na ɗan ƙiftawar ido, kuma an ƙera waɗannan ne don su jure fizgar. Tsohon fawa-fak yakan ɗauka gobara ce ta tashi, sai ya kashe kansa a tsakiyar wasa. Sannan irin sababbin suna zuwa da wayar kati mai fil 16 tasu ta kansu, ba sai ka yi jone-jone ba.

Gargaɗi: akwai fawa-fak marasa suna da ake manna wa takardar "1000W", ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara. Araha ba ta ado. Tsaya ga irin su Seasonic, Corsair, be quiet!, Super Flower ko MSI, kuma ka tabbata na asali ne.

Gargaɗi na biyu, ka riƙe shi da kyau: in fawa-fak ɗinka irin wanda ake cire wayoyinsa ne, kada ka taɓa jona masa wayar wani fawa-fak, ko da ta shiga daidai. Bakin da ke shiga kati iri ɗaya ne a ko'ina, amma jerin filolin ɓangaren fawa-fak ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci ma daga samfuri zuwa samfuri. Kunnawa ɗaya ta isa ta kai wuta inda bai kamata ba.

4. Wutar gidanka

Masu bayanin katuna a Amurka da Turai ba sa tsayawa a nan, don ba matsalarsu ba ce. Mu kuwa tamu ce. A ɗauke wuta, a dawo da ita da ƙarfi, ta yi ƙasa da yamma har fanka ta kasa juyawa.

Yi lissafi. Kwamfuta mai 4090 da furosesa mai ƙarfi, tana cikin aiki, takan ja wat 600 zuwa 700 daga bango, ban da monita. Ƙaramin UPS (na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) mai 650VA da ake gani a ofisoshi, abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, domin VA daban, wat daban. Duba lambar wat a jikinsa. Kana buƙatar wanda ya kai wat 900 zuwa 1000, wato kusan 1500VA ko fiye, kuma ya kasance mai fitar da tsarkakakkiyar wuta, wanda ake rubuta wa "pure sine wave". Haka ma inbata, in da sola kake aiki. Fawa-fak na zamani ba sa shiri da wutar da ba ta da santsi. Za ka ji suna ƙara, ko su mutu daidai lokacin da UPS ya karɓa.

Kada ka jona wannan kwamfuta kai tsaye a ƙaramin janareta. In dole sai janareta, ya zama babba mai daidaita wuta, kuma UPS ko sitabilaiza ya shiga tsakani. Ka kira mai gyaran wuta ya duba ko soket ɗin yana da wayar ƙasa. In kana taɓa akwatin kwamfuta kana jin yana ɗan jan ka, babu ita ke nan, a gyara kafin a kawo kati.

Sai kuɗin wuta. Wat 600 na awa biyar, yunit 3 ke nan a rana, 90 a wata. Ga wanda ke layin Band A a Najeriya, inda yunit ya haura naira 200 tun daga 2024, ya san zai ƙara sama da naira 18,000 a wata. Mai karɓar aikin rendarin ya sa wannan a cikin farashinsa.

5. Saye da gwaji

Ko a Computer Village ta Ikeja za ka saya, ko Banex a Abuja, ko wani ne zai taho maka da shi daga Dubai ko China, ƙa'ida ɗaya ce: ba a cinikin biri a sama. Ba ka biya sai ka ga katin yana aiki. In aike ne, a yi maka bidiyo kai tsaye, a nuna lambar jikin katin, a gwada kana kallo.

Dalilin wannan tsanani biyu ne. Na farko, a Satumbar 2022 Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina amfani da katuna wajen haƙo kuɗi, sai katunan da suka yi shekara da shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwar hannu, musamman jerin RTX 30. Ba duka ne suka lalace ba, amma sai an tantance. Na biyu ya fi muni. Bayan Amurka ta hana sayar da 4090 ga China a ƙarshen 2023, an riƙa ɓamɓare ƙwaƙwalwar katin da ma'ajiyarsa ana kai su wasu injuna, ƙwaryar kuma ta dawo kasuwa da fankokinta da kwalinta. A ido ba ka bambance shi da mai rai. Wani ma fankarsa na juyawa, fitilarsa na kamawa, hoto ne dai babu.

Je da filas ɗauke da manhajojin GPU-Z (mai nuna bayanan kati), HWiNFO (mai nuna zafi) da FurMark (mai ɗora wa kati aiki mai nauyi). Ga abin da za ka yi a shagon:

Buɗe GPU-Z, ka ga sunan kati da girman ma'ajiya sun dace da abin da aka ce. In jerin RTX 50 ne, dubi layin ROPs, wato adadin wasu sassan da ke fitar da hoto a ƙwaƙwalwar katin: 5090 ya nuna 176, 5080 ya nuna 112, 5070 Ti ya nuna 96. A farkon 2025 NVIDIA da kanta ta amsa cewa wasu 'yan kaɗan sun fito da ƙasa da haka. In ka ga ragi, ajiye shi.

Sannan ka kunna FurMark na minti 15 zuwa 20, HWiNFO na buɗe a gefe. Idonka a kan allo: ɗige-ɗige masu launi, layuka, ko allo ya yi baƙi ya dawo, duk alamun ma'ajiya ce mai ciwo. Zafin ƙwaƙwalwar kati ya tsaya ƙasa da digiri 85. Ga 3090 ka dubi zafin ma'ajiya musamman, domin rabin ma'ajiyarsa a bayan katin take, inda iska ba ta kai wa sosai. In ya doshi 105 zuwa 110, katin na buƙatar a buɗe shi a canja masa kayan sanyaya, sai ka rage wannan a ciniki. Saurari fankoki, kada a ji gurnani. Haska fitilar waya cikin ramin wutar katin, ka duba ko akwai fil da ya yi baƙi ko roba da ta narke. Gwada kowace kafar HDMI da DisplayPort.

Karɓi rasit mai ɗauke da lambar katin da kwanakin garanti a rubuce. Garantin kamfani sau da yawa yana bin ƙasar da aka fara sayar da katin ne, don haka alkawarin mai shago shi ne abin da ke hannunka.

6. Share tsohon direba

Tun kafin ka taɓa sukundireba, sauko da sabon direba, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin, daga shafin NVIDIA ko AMD, don yana cin data ɗaruruwan megabait. Sauko da DDU, manhajar goge tsohon direba, ka shiga Windows ta Safe Mode, ka buɗe ta, ka zaɓi "Clean and shutdown". Wannan ya zama tilas in daga AMD za ka koma NVIDIA, ko akasin haka.

7. Saka katin

Kashe makunnin bayan fawa-fak, zare wayar bango, danna maɓallin kunna kwamfuta na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita. Kwantar da akwatin a kan tebur. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki kati, musamman da hunturu, lokacin da ko hannu ka ba mutum sai ka ji tartsatsi.

Cire tsohon kati: kwance sukurorinsa, danna ɗan maƙullin da ke ƙarshen gurbin PCIe, wato inda katin ke shiga, sannan ka ja. Gargaɗi: kada ka danna maƙullin da bakin sukundireba. In ya zame, madabod zai kwarzana, wato babban allon da ake jona dukkan sassa a kansa. Yi amfani da yatsa ko wani abu na roba.

Cire robar da ke rufe haƙoran sabon katin da ledojin da ke jikin fankoki da bayansa. Gurbin sama, mafi kusa da furosesa, shi ne nasa. Daidaita, ka danna da hannu biyu har ka ji ƙas. Ɗaure sukurori duka. Da yake katin na iya kai kilo biyu, saka masa madogarar da ta zo a kwali, ta tallafe ƙarshensa. In aka bar shi yana rinjaya, a hankali nauyin ke cutar da gurbin da kuma allon katin.

8. Fulogin wuta: nan ne ake asara

In katinka mai ramukan fil 8 ne, kamar 7900 XTX, kowane rami a ba shi wayarsa daban daga fawa-fak. Kowane an ƙayyade masa wat 150. Kada ka ɗauki waya ɗaya mai kai biyu ka cike ramuka biyu da ita.

In kuwa mai fil 16 ne, wanda ake kira 12VHPWR ko sabon samfurinsa 12V-2x6, to ka nutsu. Wannan ɗan fulogi da bai fi kan babban yatsa ba yana ɗaukar har wat 600. Makonni kaɗan da fitowar 4090 a Oktoban 2022 aka fara ganin hotunan waɗanda suka narke, kuma binciken NVIDIA ya nuna cewa yawanci fulogin ne bai shiga har ƙarshe ba. In ya ɗan karkace, wasu filoli ba sa kamawa sosai, wutar ta taru a kan sauran, zafi ya tashi, roba ta narke. An sake ganin irin haka a wasu 5090, don haka sabon samfurin ma bai ɗauke maka kula ba.

Na taɓa riƙe irin wannan a hannuna. Wani matashi mai zanen gidaje ya kawo mini kwamfutarsa, ya ce tana mutuwa a tsakiyar aiki kuma yana jin ƙauri. Da na zare wayar, filoli biyu na gefe sun yi baƙi, robar ta manne kamar alewar da aka bari a rana. A jikin fulogin ana ganin layin inda ya tsaya, saura kamar kaurin farce biyu ya shige. Akwatinsa ya matse, ya tura murfin gilashi da ƙarfi, murfin ya karkatar da wayar. Wata uku ke nan da ya gama biyan bashin katin. Ganin fuskarsa a ranar ya sa ba na gajiya da maimaita wannan.

Ga yadda ake yi. Riƙe katin da hannu ɗaya, ka tura fulogin miƙe, ba ta gefe ba. Yana da tauri, sai ka sa ƙarfi. Ka ji ƙarar maƙullinsa. Haska fitila ta kowane gefe: kada a ga ko siririn sarari tsakanin fulogi da ramin. Ɗan ja shi baya a hankali. In ya motsa, bai kama ba. Bar wayar ta tafi miƙe kamar santimita 3 da rabi kafin ta lanƙwasa. Duba ɗaya bakin da ke jikin fawa-fak, shi ma haka. In adaftar cikin kwali za ka yi amfani da ita, mai kai uku ko huɗu, kowane kai da wayarsa daban. Bayan ka gama gyara wayoyi, sake dubawa kafin ka rufe, kuma in murfi na taɓa wayar, bar shi a buɗe har ka samu babban akwati.

9. Kunnawa da saiti

Jona wayar monita a jikin katin, ba a madabod ba. Da yawa sun yi makonni suna zagin sabon kati alhali hoton daga furosesa yake fitowa.

Saka direba. Ga NVIDIA, ɗan gem ya ɗauki Game Ready, mai rendarin ya ɗauki Studio, wanda aka fi gwadawa da manhajojin aiki. Shiga BIOS, wato saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka kunna Above 4G Decoding da Resizable BAR. Koma GPU-Z ka ga Bus Interface na nuna x16 lokacin da katin ke aiki. In x8 ka gani, duba littafin madabod, wataƙila wani gurbin M.2, inda ake saka ma'ajiyar SSD, shi ne ke raba hanya da shi. A saitin allo na Windows kuma ka ɗaga Hz zuwa iyakar monitarka, don sau da yawa a 60 yake tsayawa.

A Blender, shiga Edit, Preferences, System, ka zaɓi OptiX ko HIP, ka sa alama a kan katinka. Sannan a saitin rendarin ka mayar da Device zuwa GPU Compute. In ka tsallake na biyun, furosesa ne zai ci gaba da dakon aikin.

10. Zafi da ƙura

A watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, katin yana shaƙar iskar da ta riga ta yi zafi. Abin da nake yi wa kowane babban kati shi ne in buɗe manhajar MSI Afterburner in sauke Power Limit, wato iyakar wutar da katin zai ci, zuwa kashi 75 ko 80. A kan 4090, abin da ake rasawa na sauri kaɗan ne, amma kusan wat 100 ya sauka daga kan fulogi da UPS da kuɗin wuta, fankoki ma su lafa. Gwada aikinka kafin da bayan saukewa, ka zaɓi inda ya yi maka.

Ɗora kwamfutar a kan tebur, kada a ƙasa ko kan kafet. Fankokin gaba su shigo da iska ta cikin raga mai tace ƙura, na baya da na sama su fitar. Ka sa masu shigowa su ɗan fi masu fita yawa, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa.

Da hunturu, wanke ragar duk mako biyu, ka bari ta bushe sarai. Duk wata ɗaya ko biyu ka fitar da kwamfutar tsakar gida, ka hure ta da bulowa daga ɗan nesa, kana riƙe da fankokin katin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. Kada ka kai ta wajen masu faci su hura mata iskar taya, tana tafe da danshi da mai. Duk lokacin da ka buɗe, haska fulogin wutar ka tabbata yana nan daram, amma kada ka riƙa zare shi kana mayarwa ba dalili, filolinsa na saki da yawan cirewa. Rubuta zafin da katin ya nuna a makon farko ka ajiye. Ranar da ka ga ya ƙaru da digiri 8 ko 10 a kan aiki iri ɗaya, kuma shara ba ta sauke shi ba, lokacin canja man sanyaya ya yi, sai a kai wa wanda ya saba buɗe irin wannan kati.